Majigin Yaƙin Aljiyas

Daga cikin majigin da aka shirya a kan yaƙin sari-ka-noƙe na neman 'yancin kai, da wuya a sami wanda ya kai Yaƙin Aljiyas daraja, watau wanda Gillo Pontecorvo, mutumin Italiya, ya fitar a 1966, shekara huɗu bayan Aljeriya ta kuɓuta daga hannun Faransa.

Asalin al'amarin kuwa, Yacef Saadi, wanda ya jagoranci mayaƙan FLN, ƙungiyar neman 'yancin kai, a Kasba, tsohuwar unguwar Musulmi ta birnin Aljiyas mai matsattsun lunguna da matakala, shi ne, sa'ad da yake kurkuku, ya rubuta abin da idonsa ya gani, da ƙura ta lafa kuma ya nemi a mai da shi majigi, har ya fito a ciki da kansa. A lungunan nan aka ɗauka, da hoto baƙi da fari irin na labarun duniya, kuma in ban da Jean Martin da ya fito a matsayin Kanar Mathieu, galibin mutanen ciki talakawan gari ne waɗanda ba wasa ce sana'arsu ba.

Inda hikimar mai majigin ta fi bayyana, a ganina, shi ne wurin mata uku da suka tuɓe lulluɓi a gaban madubi, wata ta datse gashinta ta rina, suka yi shigar Turawa domin su ratsa shingen soja da bom a cikin kwando. Kafin bom ya tashi, sai aka tsai da hoto a kan fuskokin mutanen da ke cikin shagon da aka ajiye shi, har da wani yaro ƙarami yana lasar askirim, alhali mai kallo ya riga ya san abin da ke ƙarƙashin kujera. Sa'an nan taken juyayin da aka kaɗa sa'ad da ake tono gawawwakin Musulmi daga ɓaraguzan Kasba, shi ɗin aka sake kaɗa wa gawawwakin Nasara. Wannan adalci ne mai nauyi, domin majigin bai ɓoye cewa yana tare da waɗanda aka zalunta ba, bai kuma ɓoye azabtarwar da sojan laima na Faransa suka yi wa kamammu a 1957 da ruwa da lantarki ba, amma bai yarda ya wofintar da jinin kowa ba.

Ya ci babbar kyautar bikin majigi na Benis a shekarar fitarsa, amma gidajen sinima na Faransa ba su nuna wa jama'a shi sosai ba sai a 1971.