Maganaɗisu Wajen Ajiye Wuƙa, Kayan Aiki da Bindiga: Amfaninsa da Iyakarsa

Maganaɗisu, wanda wasu ke kira mayen ƙarfe, ba baƙon abu ba ne ga jama'ar ƙasar nan. Yara suna ciro shi daga tsohuwar lasifika su yi wasa da shi, tela yana tsince allura da shi, masu sayen tsoffin ƙarafa kuma da shi suke rarrabe baƙin ƙarfe da tagulla. Yanzu kuwa an shigo da wata dabara, wato a kafa sandar maganaɗisu a jikin bango a riƙa manna mata wuƙaƙe da kayan aiki, har ma wasu ƙasashen waje ana sayar da irin wanda ake maƙala bindiga a jikinsa. Saboda haka ya wajaba kowa ya san inda wannan dabara take da amfani, da kuma inda take da haɗari.

Yadda Yake Aiki

Maganaɗisu yana jan baƙin ƙarfe da abin da aka ƙera da shi, amma ba ya jan alminiyam, ko tagulla, ko katako, ko roba. Akwai kuma wasu irin ƙarafan da ba sa tsatsa waɗanda ba ya kama su sosai. Don haka kafin a amince masa da wani abu, sai a jarraba a gani.

Iri biyu ne aka fi samu a kasuwa. Na farko shi ne baƙin nan na cikin lasifika, mai araha, mai matsakaicin ƙarfi. Na biyu shi ne mai sheƙi da ake kira niyodimiyam, wanda aka ƙago a Japan da Amurka a farkon shekarun 1980. Ƙarami ne, amma ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai galibinsa yakan fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyas. Ke nan bai dace a kafa shi dab da murhu, ko tukubar mai tsire, ko wurin walda ba.

Wuƙa da Kayan Aiki

Wuƙar da aka jefa cikin kwano tare da cokula takan dakushe, kuma takan yanki mai laluben ta. Wadda aka manna a bango kuwa ana ganinta sarai, iska tana busar da ita, kaifinta ba ya gugar komai. Wannan yana da muhimmanci a Abuja, inda damina ke kamawa tun daga wajen Afrilu har Oktoba, laima kuwa ita ce uwar tsatsa. Haka nan bakaniken da ke aiki a Apo, ko kafintan da ke Dei-Dei, idan ya jera sufana da filaya da sukudireba a kan sanda ɗaya, da ya ɗaga ido zai gane wanda ya ɓace kafin ya tashi aiki.

Amma sai an kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. A ɗaure sandar da noti ko ƙusa mai ƙarfi. Gam kaɗai ba abin dogara ba ne, domin zafi da laima suna sa shi ya saki.
2. A kafa ta sama, inda hannun yaro ba zai kai ba ko da ya taka kujera.
3. A wanke wuƙa a goge ta kafin a manna. Gadon bayanta ne zai fara taɓa sandar, ba kaifin ba, ƙotar tana duban ƙasa.
4. Kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kamar babbar guduma ko adda. Maiko da ƙura ma suna sa ƙarfe ya zame.
5. A nisanta shi da agogo da katin banki. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kai shi kusa da ƙirjinsa.
6. Idan yaro ya haɗiye ƙananan maganaɗisu, a kai shi asibiti nan take. Guda biyu suna iya kama juna a cikin ciki su huda hanji, ko da yaron bai nuna alamar ciwo da farko ba.

Batun Bindiga

A nan ne dabarar ta kai iyakarta. Maganaɗisu riƙewa yake yi, ba ya kullewa. Bai san mai gida ba, bai san ɓarawo ba, bai san yaro ba. Duk wanda ya miƙa hannu zai sakar masa. Bindigar da aka maƙala a bayan ƙofa ko ƙarƙashin tebur ba ajiye ta aka yi ba, ɓoye ta kawai aka yi, kuma yara sun fi kowa sanin lungunan gida. Ban da haka, bugu ko girgiza na iya faɗo da ita.

Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar bindiga ba tare da lasin ba. Dokar ta kuma ɗora wa mai lasin alhakin tsare bindigarsa, kuma idan ta ɓace, ko aka sace ta, ko ta lalace, wajibi ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14 daga ranar da ya sani. Saboda yawan makaman da ke faɗawa hannun miyagu ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai a Abuja a shekarar 2021, ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro.

Don haka mafarauci ko wani mai lasin, sai ya cire harsashi, ya kulle bindigar a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ya kulle harsashi ko albarushi a wani wuri dabam, makulli kuma ya kasance a hannunsa shi kaɗai.

Ana roƙon masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin mahauta, da makanikai, da mafarauta, su karanta wa mutanensu wannan bayani, musamman waɗanda ba su iya karatu ba. Rigakafi ya fi magani.