Man Ƙamshin Tsirrai da Tsutsar Cikin Tumaki

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Mungadi da ke Ƙaramar Hukumar Maiyama, da maƙwabtanta na Jega da Aliero a Jihar Kebbi, da wuya a shiga gida a rasa tunkiya ko rago ɗaure a turke. Ga mace, tunkiya ita ce asusu, ita ake kaiwa kasuwa ranar da bikin ɗiya ya taso ko rashin lafiya ta faɗo. Ga magidanci kuwa, ragon da ya turke watanni kafin Babbar Salla shi ne kuɗin taki da na ƙwadago. Saboda haka duk cutar da ta taɓa tumaki, rufin asirin gida ta taɓa. Daga cikin cututtukan nan babu mai yin ɓarna a ɓoye kamar tsutsar ciki. A 'yan shekarun nan an yawaita maganar cewa man ƙamshin da ake tatsowa daga tsirrai irin su kanumfari da ɗaɗɗoya zai iya maye gurbin maganin asibiti wajen kashe ta. Wannan babi zai duba maganar, domin malami a karkara ba a aji kaɗai ake yi masa tambaya ba. Shi ake kawo wa kwalbar magani a ce ya karanta abin da aka rubuta a jikinta.

2.0 Tsutsar da Ake Magana a Kanta

Tsutsotsin da ke zama a cikin tumaki iri-iri ne, amma wadda ta fi kisa a ƙasashe masu zafi ita ce wadda masana ke kira Haemonchus contortus. Tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Idan aka dubi macen da kyau, sai a ga kamar igiya ce da aka tufka da zare ja da fari. Jan nan jinin dabba ne da ta sha.

Kamar yadda kowane mahauci ya sani, tumbin tunkiya kashi huɗu ne. Wannan tsutsa a kashi na huɗu take zaune, wato na ƙarshe wanda ya haɗu da hanji. A nan take huda bango tana tsotsar jini. An ƙiyasta cewa tsutsa ɗaya na jawo asarar jini kimanin mililita 0.05 a yini. Adadin kamar ba kome ba ne, sai an yi lissafi. Tunkiyar da ke ɗauke da tsutsa 2,000 tana rasa mililita 100 kullum, alhali dukkan jinin tunkiya mai nauyin kilo 30 bai wuce lita 2 da 'yan kai ba. Shi ya sa alamar cutar ba lalle ne ta zama zawo ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Alamarta ita ce cikin fatar ido da dasashi su yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura da ruwa, dabba ta riƙa zama a bayan garke tana haki.

Mace ɗaya tana iya saka ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a yini, su fito cikin kashi. Idan akwai danshi da ɗumi, cikin mako guda sun ƙyanƙyashe sun zama 'yan tsutsotsin da ido ba ya gani, su bi lemar raɓa su hau ciyawa. Tunkiya ta ci, bayan kimanin mako 3 su ma su fara saka nasu ƙwan. Wannan ne ya sa cutar ta fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Da rani zafin rana yana ƙone waɗanda ke ƙasa, sai dai binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 ya nuna cewa tsutsar tana da dabarar tsallake rani: ƙananan sukan lafe a bangon tumbi su daina girma, sai ruwa ya kusa sauka su farfaɗo. Fadama kuwa, inda danshi ba ya yankewa, ba ta san wannan hutu na rani ba sosai.

3.0 Dalilin Neman Wani Magani

Magungunan tsutsa na zamani ba su daɗe a duniya ba. Thiabendazole ya fito a 1961, kuma kafin shekara 4 an sami rahoton tsutsar da ta gagare shi. Ivermectin, wanda ake yi wa dabbobi allurarsa, ya shigo kasuwa a 1981, kuma aikin gano shi ne ya sa aka ba William Campbell da Satoshi Omura kyautar Nobel a 2015. Shi ma tsutsa ta kangare masa a ƙasashe da dama. Wani sabo mai suna monepantel da aka fara sayarwa a 2009, kafin 2013 ya ƙare an ba da rahoton tsutsar da ba ta jin sa.

Yadda kangarar ke faruwa ba wuyar fahimta. A cikin dubban tsutsotsi akwai 'yan kaɗan da aka halitta da juriyar maganin. Duk lokacin da aka ba da magani, masu rauni su mutu, masu juriya su rage su hayayyafa. Abin da ke hanzarta wannan shi ne ɗabi'un da muka saba gani: a kimanta nauyin rago da ido a ba shi ƙasa da ƙa'ida, a raba ƙwaya ɗaya wa dabbobi biyu don tsimi, ko a sayi maganin da ya yi watanni a kan tabarma cikin rana. Irin wannan tsimi asara ce da aka jinkirta. Ganin haka ne masana suka waiwayi tsirrai.

4.0 Mene Ne Man Ƙamshi?

Wajibi ne a bambanta shi da man gyaɗa ko man kaɗanya ko man darbejiya, waɗanda matse su ake yi daga ƙwaya, kuma maiƙo ne da su. Man ƙamshi shi ne sinadarin da ke ba tsiro ƙamshinsa. Shi ne abin da hanci ke ji idan aka murza ganyen ɗaɗɗoya ko aka ɓare lemo. Galibi da tururi ake fitar da shi: a turara ganye, tururin ya ɗebo man, a sanyaya shi, man ya rabu da ruwan a kwashe. Idan aka ɗiga shi a takarda yakan bi iska ya tafi, ba kamar man gyaɗa da ke barin tabo ba. Yawancin ganyaye ba sa ba da fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyinsu, shi ya sa yake da tsada. Ke nan jiƙa kanumfari a ruwa ko dafa ganye a tukunya ba shi ne man ƙamshi ba, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

5.0 Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A ɗakin gwaji, labarin mai daɗi ne. A 2002 masu bincike a ƙasar Brazil suka buga sakamakon gwajin man ɗaɗɗoya da babban sinadarinsa mai suna eugenol, wanda shi ne kuma ke ba kanumfari yajinsa. Sun zuba shi a kan ƙwan wannan tsutsa, suka tarar ko da an tsinka shi zuwa rabin kashi 1 cikin 100 yana hana ƙwan ƙyanƙyashewa. An sami irin wannan sakamako da man kirfa da na zaiti da na wasu ganyayen miya na Turai. Wani abin sha'awa kuma shi ne, man tsiro ɗaya kan ƙunshi sinadarai gommai, saboda haka ana kyautata zaton tsutsa za ta sha wuya kafin ta kangare musu baki ɗaya.

Amma faranti daban, cikin tunkiya daban. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na ciyawar nobe, mai ƙamshin nan da ke tsirowa a ƙasashen Sahel. A Brazil ɗin dai aka gwada man nobe a faranti ya yi aiki ƙwarai. Sai aka ɗura wa 'yan tumakin da aka sa wa tsutsar da gangan. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa ƙwai bai ragu a cikin kashinsu ba, haka ma yawan tsutsar da aka ƙirga a tumbinsu. A wasu gwaje-gwajen da aka yi da wasu mayukan, a Brazil da kudancin Italiya, an ga raguwa, amma mafi yawansu ba su kai mizanin da likitocin dabbobi suka daɗe suna auna magani da shi ba, wato ya rage ƙwai da kashi 95 cikin 100.

Me ya jawo wannan tazara? Amsar tana cikin halittar tunkiya. Duk abin da ta haɗiye, a babban tumbi yake fara sauka, wanda tamkar randa ce cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa da ƙananan halittu marasa adadi masu ruɓar da ita. A nan man zai tsinke, wani ɓangare ƙananan halittun su lalata shi, wani ya ratsa bangon tumbi ya shiga jini. Abin da zai isa kashi na huɗu, inda tsutsar take, ɗan kaɗan ne. Idan kuma aka ce a ƙara yawansa, sai a faɗa wata matsalar, domin man yana da zafi, yana iya ƙone baki da maƙogwaro, ya kuma kashe halittun da tunkiya ta dogara da su wajen narkar da abinci. Tarihi ma ya yi gargaɗi. A farkon ƙarni na 20 an yi amfani da man wani tsiro mai suna Chenopodium wajen kashe tsutsar cikin mutane, yana kuwa kashe ta, amma aka bar shi saboda tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke halaka mutum tazarar kaɗan ce.

Bugu da ƙari, tsiro ba masana'anta ba ne. Ɗaɗɗoyar da ta tashi a fadama da wadda ta tashi a tudu, ko wadda aka yanka da damina da ta rani, ba lalle ne ƙarfin mansu ya zo ɗaya ba. Masana na ƙoƙarin magance matsalar tumbi ta hanyar lulluɓe man a cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi da za su kare shi har ya isa inda ake bukata, sai dai wannan aiki bai wuce matakin gwaji ba a mafi yawan wurare.

A nan ya kamata a yi wani tsokaci da ya shafi ƙasar Aliero, wadda ta yi suna wajen noman albasa. Albasa da tafarnuwa suna da nasu mai mai ƙarfi, kuma akwai masu ganin yajinsu zai kori tsutsa. Abin lura shi ne, albasa mai yawa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin dabba. Shanu sun fi jin jiki, tumaki sun fi juriya, amma tunkiyar da tsutsa ta riga ta tsotse ba ta da jinin da za a yi caca da shi.

6.0 Matsayin Magungunanmu na Gargajiya

Bai kamata ɗalibi ya fahimci cewa an yi watsi da sanin iyaye ba. Ɓawon maɗaci da makiyaya suka daɗe suna jiƙa wa dabbobi, an gwada shi a kan tumaki a Jami'ar Ibadan, kuma rahoton da aka buga a 2004 ya nuna yana rage ƙwan tsutsa. Haka nan bagaruwa tana ɗauke da sinadarin nan mai ɗaure baki wanda majema ke jeme fata da shi, kuma an tabbatar cewa irin wannan sinadari yana takura wa tsutsar ciki idan dabba na cin sa daidai gwargwado. Waɗannan ba man ƙamshi ba ne, amma hukuncinsu ɗaya: suna ragewa, ba sa sharewa. Suna da amfani ga dabbar da ke da sauran ƙarfi, ba ga wadda idonta ya riga ya yi fari ba.

Ta yaya za a gane wadda ta kai wannan hali? A shekarun 1990 aka ƙirƙiro wata hanya a Afirka ta Kudu mai suna FAMACHA, daga sunan likitan dabbobi Faffa Malan. Kati ne mai launi 5, daga ja sosai zuwa fari fat. Ana janye fatar idon tunkiya ta ƙasa a cikin hasken rana a gwada da katin. Mai lamba 1 da 2 a ƙyale ta. Mai lamba 4 da 5 a ba ta maganin asibiti nan take, cikakke, gwargwadon nauyinta. Mai lamba 3 a duba halinta, idan ƙarama ce ko mai ciki ko mai shayarwa a haɗa da ita. Hikimar barin masu lafiya ba magani ita ce, tsutsotsin cikinsu da ba su taɓa haɗuwa da magani ba za su ci gaba da gauraya da masu juriya, kangara ta yi jinkiri. Katin dai tsutsa mai shan jini yake nunawa. Ciwon hanta da dabbobi ke ɗauka a fadama ta hanyar katantanwa shi ma yana farar da ido, kuma maganinsa daban ne, don haka idan an ba da magani ido bai dawo ba, sai a kai kashin dabbar asibitin dabbobi a duba da madubin likita.

Sauran aikin na kiwo ne. Al'adar hana tumaki fita sai raɓa ta bushe tana da tushe, tunda da lema 'yan tsutsotsin ke hawa ciyawa. Harawar da ta bushe sarai a rana ba ta ɗauke da su kamar ɗanyar ciyawar fadama. Ragon turke kuma a zuba masa dusa da harawa a komi, kada a ƙasa inda yake kashi, a riƙa share turken ana kai takin gona. Dabbar da ke samun harawar wake ko ta gyaɗa tana mayar da jinin da ta rasa da sauri fiye da wadda aka bari da kara kaɗai.