Daga Jigo Zuwa Sola: Yadda Kayan Aiki Ke Juya Rayuwa a Ƙasar Katagum

Idan malamin tarihi zai ba da labarin ƙasar Katagum, da Malam Zaki yake farawa, ya bi jerin sarakuna, ya zo kan 1916 da aka mayar da gadon sarauta Azare. Duk wannan daidai ne. Amma je ka wani ƙauye a ƙasar ka tambayi wata dattijuwa abin da ya fi sauya mata rayuwa tun tana amarya, da wuya ta kama sunan wani gwamna. Injin niƙa za ta ce maka. Kafin zuwansa, tun assalatu mace ke durƙusawa gaban dutsen niƙa, ko ta yini tsakanin surfe da daka kafin a kai ga tuwon dare. Da injin ya zo, aikin ya koma hannun yaro da kwano da 'yan canji, ita kuma ta sami sararin soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli na sayarwa. Babu dokar da aka kafa a kan haka. Inji ne da bel suka shigo unguwa, suka sake rabon lokacin gida.

Akwai masanan da bin diddigin irin wannan shi ne sana'arsu. Sukan ɗauki abu guda, rediyo ko babur ko buta, su bi shi su ga wa ya saya, wa ke gyarawa, wa ya samu, wa ya rasa. Brian Larkin na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya zauna a Kano ya yi irin wannan aiki a kan rediyo da majigi da sinima da kaset ɗin bidiyo, ya fitar da littafinsa Signal and Noise a 2008. Daga cikin abin da ya nuna har da yadda hanyoyin da 'yan kasuwa suka shimfiɗa don kwafar finafinan Indiya da na Amurka suka zama hanyoyin da finafinan Hausa suka bi suka kai ƙauye. Wanda ya ƙera na'urar bidiyo a Japan bai san da kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ba.

A yankinmu, abin da ya fi cancantar irin wannan bibiya shi ne injin ban ruwa.

Kogin Jama'are da ya ratso ƙasar nan ya nufi Yobe yana barin fadamu masu danshi bayan damina. Da can jigo ne makamin mai lambu: doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, guga a ɗaya bakin. Mutum ya yini yana sunkuyawa yana ɗagowa, amma abin da zai iya shayarwa bai fi kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Shi ya sa lambu ya zama aikin 'yan tsiraru a bakin kogi. Sauran majiya ƙarfi kuwa da an kai amfani rumbu sai ci-rani, wani Kano, wani Legas.

A shekarun 1980 hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohin Bauchi da Kano da Sakkwato suka fara sayar wa manoma ƙananan injinan fetur a kan rangwame, suka kuma koyar da haƙa 'yar rijiyar bututu a fadama. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka yi rububin nomanta da rani. Sai kuma shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya amince ya ba rancen dala miliyan 67.5 a 1992, Bauchi tana cikin jihohin da aka fi mayar da hankali a kansu. Mutumin da jigo ya tsare a 'yan fangali kaɗan ya wayi gari yana shayar da hekta guda ko fiye. Madatsar Kafin Zaki da aka fi shekara 40 ana maganarta har yau ba a kammala ba, amma injin da mutum ɗaya ke ɗaurewa a bayan babur ya riga ya mayar da rani lokacin albasa da tumatir da shinkafa.

Sai ka tsaya kusa da manomi da sassafe za ka ga rabon da hannunsa yake da shi a cikin wannan fasaha. Kafin ya ja igiya, sai ya buɗe murfin famfon ya ɗura ruwa ya cika, domin idan iska ta shige ciki injin zai yi ta ƙara ne a banza. Mahaɗar tiyo da bututu ya naɗe ta tam da tsinken tub ɗin babur, wani har laka yake shafawa a kai. Injin yana da iyakar da ba ya tsallakewa: nauyin iskar sararin sama ne ke turo ruwan cikin bututu, saboda haka komai sabuntarsa ba ya zuƙowa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8. Da bazara ta kama ruwan ƙasa ya ja baya, sai manomi ya haƙa rami a gindin bututun, ya sauke injin ciki ya kusanta shi da ruwa. A gona aka gano wannan dabara, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Can cikin gari kuma ga bakanike a ƙarƙashin darbejiya, ya cire fistin daga wannan mataccen inji ya tayar da wancan, ya wanke kafireta, ya goge fulogi. A ganina wannan bakanike shi ne dalilin da ya sa injin ban ruwa ya zauna da gindinsa, alhali manyan taraktocin da gwamnatoci suka sha rabawa sukan ƙare a kan duwatsu saboda rashin wani ɗan ƙarfe da sai an aika ƙasar waje.

Kowane allazi da nasa amanu. William Adams na Jami'ar Kambirij da abokin aikinsa Kevin Kimmage sun yi bincike a fadamun Haɗeja da Jama'are a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, kuma abin da suka gani ya wuce yawan buhunan da aka girbe. Da injin ya zo, fadama ta yi daraja, masu kuɗi da masu hanya suka fi talaka samun injin da filin. Makiyayin da ya saba sauko da shanunsa fadama da rani ya tarar da lambu a inda ya san mashaya. Rigimar manoma da makiyaya da muke ɗora wa son zuciya kaɗai, wani sashinta daga nan ya samo tushe. Rahoton da ya tsaya a kan adadin injinan da aka raba ba zai taɓa hango wannan ba.

Kwatsam ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Manoman rani ba su jira taron bita ba. Aka fara sauya wa injinan kafireta suna aiki da gas ɗin girki, sai ga tukunyar gas a bakin fangali. Dabarar ta rage kashe kuɗi, ko da yake gas ɗin ma ya yi tsada daga baya, kuma tiyo mai yoyo kusa da inji mai zafi ba abin wasa ba ne.

Ba nisa da nan, a Jigawa, an taɓa yin wata fasahar da ko digon mai ba ta sha. Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar a Dutse, ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsanewa ta jikin babbar tukunyar yana tafiya da zafin ciki, hikimar randa dai da kakanninmu suka sani. Gautan da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000 a shekarar 2000, kuma burinsa ya haɗa da 'yan mata: idan kayan miya ba sa lalacewa a yini guda, ba dole ne a tura yarinya talla kullum ba, sai ta tafi makaranta. Tukunyar ta fi aiki a busasshen zafi irin na Maris da Afrilu, da damina kuwa ƙarfinta raguwa yake.

Ɗaliban Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a ƙofar gida. Maimakon raba takardar tambayoyi a aji, ɗalibi ya zauna wata guda a rumfar bakanike ya rubuta abin da ya fi lalacewa a inji, da kuɗin gyaransa, da garin da ake sayo kayan. Wani ya ɗauki igiya mai alama ya riƙa auna zurfin ruwa a rijiyoyin fadama guda goma, daga Nuwamba zuwa Mayu.

Wannan awo na zurfin ruwa ya zama na gaggawa, domin farantan sola sun fara bayyana a gonaki. Kuɗin sayensu da nauyi, sai mai hali ko ƙungiya, wato tambayar da Adams da Kimmage suka yi game da wa ke samu ta sake dawowa. Gyaran akwatin da ke sarrafa wutar kuma ya fi kusa da aikin mai gyaran waya fiye da na bakanike. Ga kuma wani abu: tsadar fetur ce ke sa manomi ya kashe inji da zarar fangali ya cika. Mai sola ba ya biyan ko sisi daga hantsi zuwa la'asar, kuma ruwan da yake ja shi ne dai wanda maƙwabcinsa mai injin fetur ke bi da rami.