Hasken cikin soro: Abin da zane ke adanawa bayan gini ya rushe

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soron ƙasa da tsakar rana, a Kanya Babba ko Kazaure ko Roni, ya san yadda ido ke rufewa na ɗan lokaci. Sai a hankali ka fara ganin bakan gizon da ke ɗauke da rufi, da siririn hasken da ya ratso ta 'yar taga ya sauka a kan daɓe. Da gangan magina suka yi haka: bango mai kauri da ƙaramar taga na hana zafi shiga, duhun kuma na sa mutum ya nutsu ya rage murya.

Ginin da ya fi shahara da wannan fasaha shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ana ba da labarin cewa da dare yake aikinsa, shi kaɗai. Ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka.

To, idan gini ya faɗi, ina haskensa yake zuwa? Akwai darasi a ƙasar Holan. A 1636 wani mai zane, Pieter Saenredam, ya zauna a birnin Utrecht yana auna cikin majami'ar Mariakerk yana zana ta. A zane-zanensa za ka ga dogayen ginshiƙai, da haske kwance a jikin bango, da mutane 'yan ƙalilan da suka zama 'yan mitsi-mitsi saboda girman ɗakin. An rushe majami'ar a ƙarni na 19. Yau mai son sanin yadda cikinta yake sai ya koma ga zanensa.

A Jigawa ma bulo da kwano na maye gurbin sorayen ƙasa, kuma kowace damina na cin rabonta. Zanen ƙofar fada da na hawan salla ba su da wuyar samu, amma cikin soro, lokacin da babu kowa sai inuwa, ba kasafai ake zana shi ba.

Ɗalibin zane da ke da fensir, ko matashin da ke riƙe da waya, zai iya neman izinin mai gida ya shiga da hantsi, ya sake komawa da la'asar. Zai tarar hasken ya sauya wuri, ɗakin ya zama wani daban.