Gidan Gado A Sharaɗa: Kafin Ka Ce “Na Sallama”

Wata ranar Asabar ce a shekarar 2024, bayan sallar La'asar, muka zauna a soron gidan mahaifinmu da ke Sharaɗa, ni da ƙannena maza, domin jin abin da dillali ya zo da shi. Watanni tara ke nan da rasuwar Baba. An raba duk abin da yake rabuwa, saura gidan, shi kuwa ba a yanka shi kashi-kashi kamar naman watanda. Dillalin ya gyara zama ya ce, “Dakta, an taya. Kuɗin da marigayi ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba.” Da ya faɗi adadin, sai na ga fuskokin ƙannena sun washe.

Na shiga cikin gida da murnata na sanar da mahaifiyarmu. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, “To, madalla. Idan an ba ni tumunina, ɗaki nawa zai saya mini, kuma a wace unguwa?” Shekara goma sha biyar ina koyar da ɗalibai yadda birane suke bunƙasa, amma ranar ban sami amsa ba. Wannan tambaya ta Hajiya ita ce dalilin rubutun nan, domin na tabbata a yau akwai gidaje da yawa a Sharaɗa da Ja'en da Fanshekara da ake irin wannan zama a soronsu.

Wanda zai fahimci darajar gida a wannan yanki, sai ya fara sanin abin da ya tara mutane a cikinsa. Tun kafin samun 'yancin kai a 1960 aka soma kafa masana'antu a Bompai. Da wurin ya cika, kuma kuɗin man fetur suka shigo, sai aka buɗe Sharaɗa da Chalawa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na man gyaɗa da na alewa suka jeru. Ma'aikaci kuwa yana son kwana inda ƙafarsa ko kekensa za su kai shi bakin aiki kafin a busa jiniya. Haka gonakin da ke gefen masana'antu suka koma filaye, mai gona ya kira mai unguwa, a ja igiya, a kafa turaku, a rubuta takarda. Shi ne abin da muke kira awon igiya, kuma a kan irinsa Baba ya gina gidanmu, ɗaki bayan ɗaki, da albashinsa na masaƙa.

Ina yaro, jiniya ce agogon unguwarmu. Da ita mata suke ɗora tukunya, da ita mai shayi yake hura wuta. A lokacin lissafin gida a fili yake: muddin injin yana juyawa, ɗan haya ba ya yankewa. Daga baya kiɗa ya sauya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injin da ake sayowa daga waje suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, sannan atamfa da shadda masu araha daga Asiya suka cika Kantin Kwari. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginensu suka koma sito, wasu suka zama kangaye. Masana'antun roba da na shinkafa da wasu majemu suna nan suna aiki, amma ba su ɗauke yawan hannun da masaƙu suka saki ba.

Bisa ƙa'ida, unguwar da aikinta ya ragu, gidajenta ma ya kamata su faɗi. A Sharaɗa akasin haka aka gani, kuma dalilai uku na hango. Na farko, yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma tun daga lokacin ga haihuwa, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga arewa maso gabas da sassan Zamfara da Katsina. Birni ya miƙe har ya wuce mu, unguwar da a da ake ce wa bayan gari yanzu ta zama tsakiya, mintuna kaɗan zuwa Titin Gidan Zu ko tsohuwar Jami'ar Bayero. Na biyu, tsadar gini. Buhun simintin da ake saye ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairun 2024, rodi da kwano suka bi bayansa, don haka tsohon gini ma ya ɗaga kai. Na uku, faɗuwar naira. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da gwamnati take sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ɗan kasuwar da ya ga kuɗinsa suna narkewa a banki, sai ya gudu ya ɓoye su a ƙasa.

A nan ne mai sayarwa yake ruɗuwa. Bari in kawo misali. A ce gida an yi masa kuɗi naira miliyan 10 lokacin da siminti yake 5,000. Gidan ya tashi a kan buhu 2,000 ke nan. Yau an taya shi miliyan 18, siminti kuma yana 10,000. Ya koma buhu 1,800. A baki an ci ribar miliyan 8, a zahiri an yi asarar buhu 200. Gidan bai ƙara daraja ba, mudun da ake auna shi da shi ne ya ƙanƙance. Wannan shi ne abin da Hajiya ta gane ba tare da alƙalami ba. Saboda haka shawarata ta farko ga duk mai niyyar sayarwa ita ce, kafin ya ce “na sallama”, ya san inda kuɗin za su kwana. Idan wani gida zai saya, ya nemo shi, ya ji kuɗinsa, a ƙulla cinikin biyu kusa da juna. Wanda ya ajiye kuɗin gida wata shida yana shawara, zai iya wayar gari ya tarar ba za su sayi rabin abin da ya sayar ba.

Shawara ta biyu takarda ce, kuma mun koye ta da ɗaci. Mutumin da ya taya gidanmu ya turo lauyansa, muka miƙa masa takardar cinikin fili mai ɗauke da sa hannun mai unguwar da ya daɗe da rasuwa, da sunan Baba, da shaidu biyu waɗanda su ma sun riga mu gidan gaskiya. Lauyan ya duba ya mayar mana cikin ladabi, daga ranar ba mu sake jin ɗuriyar mai sayen ba. Ban ga laifinsa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ɗan ƙasa yake riƙe da shi haƙƙin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce mai riƙe da irin wannan haƙƙi daga gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewarsa. Mutanen Kano sun daɗe suna ciniki kamar ba su san da dokar ba, har zuwa watan Yunin 2023, lokacin da aka rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen da aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, aka kuma shafa wa wasu gidaje jan fenti a Salanta, nan maƙwabtanmu. Ba gardamar wa ke da gaskiya nake yi ba, wannan aikin kotu ne. Abin da nake nunawa shi ne tun daga lokacin mai saye ya daina tambayar yawan ɗakuna kafin ya tambayi takarda. A ƙarshen 2024 kuma gwamnatin jiha ta nemi masu takardun mallaka su sabunta su ta hannun hukumar KANGIS. Don haka mai sayarwa ya riga mai saye zuwa: ya binciki fayil ɗinsa, ya biya harajin ƙasa da ake bin sa, ya nemo izinin gini na KNUPDA idan yana da shi, ya sa safiyo ya tabbatar da iyakoki. Idan awon igiya ne, ya faɗa tun farko, ya tara duk takardun da suka nuna yadda filin ya sauya hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku ta shafi gidan gado musamman. Kada a kai gida kasuwa sai kowane magaji, namiji da mace, na kusa da wanda yake Legas ko Saudiyya, ya amince a rubuce, an kuma naɗa wakili ɗaya da zai yi magana. Idan akwai marayu ƙanana, a bi ta kotu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma da zarar masu saye sun ji ƙamshin saɓani, tayi yakan faɗi. A tuna kuma fiƙihun Malikiyya ya ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, wato ya fi bare cancantar sayen kason ɗan'uwansa a kan kuɗin da aka taya. Gara a fara yi wa na gida tayi.

Ta huɗu, a faɗi aibu. Kowa a yankin nan ya san ruwan da majemu da wuraren rini suke saki yana bi ta rafin Salanta zuwa kogin Chalawa, kamar yadda na Bompai yake gangarawa Getsi da Jakara. Rijiyar gidanmu takan sauya ɗanɗano da damina, shekaru ke nan ba ma shan ta. Dillali ya ce in yi shiru. Na ƙi, domin shari'a ta ba mai saye damar mayar da ciniki idan ya gano aibun da aka ɓoye masa, sannan ramin ƙarya ƙurarre ne: mai shayin bakin layi zai faɗa masa a kyauta. Haka batun ambaliya, da bangon da ya tsage, da rigimar iyaka da maƙwabci. Gyaran da ya dace kafin sayarwa shi ne na yoyon rufi da magudanar ruwa da masai. Tayil da fenti mai tsada ba kasafai suke dawo da kuɗinsu ba, musamman da yake masu saye da yawa ƙasar suke so, rushe ginin za su yi.

Ta biyar, dillali da biyan kuɗi. Dillanci sana'a ce, kuma nagari yana rage wahala. Amma a zaɓi ɗaya ko biyu, a yanke la'ada a rubuce tun kafin a fara, a kuma dage sai an zauna ido da ido da mai saye, domin gidan da ya bi ta hannu biyar, kowane hannu da abin da ya ɗora. Kafin alƙalami a sa masa wa'adi. Cikon kuɗi ya bi ta banki, a gaban shaidu da lauya, kuma kada takardun asali su bar hannu sai an tabbatar kuɗin sun zauna a asusu, ba hoton saƙo a waya ba.

To, ina kasuwar ta dosa? Abu na farko, kasuwar gidajen Kano ta tsabar kuɗi ce. Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwambar 2024, ga kuma ƙyamar riba a zukatan jama'a, don haka ma'aikacin albashi kusan ya fita daga sahun masu saye. Waɗanda suka rage 'yan kasuwa ne na Kwari da Singa da Dawanau, kuma idan kasuwarsu ta yi sanyi, ta gidaje ma takan yi. Shi ya sa farashin baki daban, na hannu daban. Gida yakan shekara da rubutun “na sayarwa ne” a jikinsa. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, da yawansu sun daɗe babu kowa a ciki, a garin da mutane suke kukan rashin muhalli. Buƙata daban, iko daban.

Abu na biyu, ina ganin kasuwar za ta ci gaba da rabuwa gida biyu. Gida mai cikakkiyar takarda, a bakin titi, inda za a iya fitar da shago ko sito, zai riƙe darajarsa. Gidan lungu na awon igiya, wanda mota ba ta shiga, zai riƙa hawa a lissafin naira yana sauka a lissafin siminti.

Abu na uku, makomar Sharaɗa da Chalawa da Bompai tana ɗaure da makamashi. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga naira 68 zuwa 225, masu masana'antu suka koka. A ɗaya ɓangaren, a Janairun 2023 an buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da tashar wutar sola mai megawat 10 a Chalawa. Ga bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020 aka kuma sha ɗage ranar kammala shi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Ranar da gas mai araha ya shiga masana'antu, ɗakin haya zai sake daraja a unguwannin nan. Sai dai dillalai sun riga sun fara sayar da wannan fata tun kafin ta tabbata. Mai saye kada ya biya kuɗin alƙawari, mai sayarwa kuma da ba ya cikin matsi ba shi da dalilin gaggawa.

Mu dai ga yadda muka ƙare. Ƙanwata tana da 'ya'ya biyu a jami'a, wani ƙanena kuma jarinsa ya karye; ba adalci ba ne a ce su jira bututun gas. Muka kira ƙwararren mai ƙiyasta darajar gida ya yi masa kuɗi, mu uku muka haɗa abin da muke da shi, har da sayar da motata, muka biya su kasonsu a gaban shaidu. Takardar kuma muna nan muna bin ta. Ban ce wannan hanya ta dace da kowa ba, akwai wanda sayarwa ce kaɗai mafitarsa, kuma babu abin kunya a ciki. Fatana dai ya yi wa kansa tambayar Hajiya kafin ya miƙa hannu. Ita kuwa tana nan a ɗakinta, inda ta shekara arba'in, kuma har yau da asuba takan ɗora tukunya a daidai lokacin da ake busa jiniya a da. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a abin da suka bari.