INA ZA MU KAI YARA RAN HUTU?

Mu da muke aiki a kamfanonin Sharaɗa da Chalawa da Bompai, yawancinmu mukan fita tun yara ba su tashi ba. In mun dawo kuwa, gajiya ta riga ta ci ƙarfinmu. Kwana shida ke nan. Ran Lahadi sai mu ce ranar barci ce, ko ta zuwa majalisa hira. To, su yaran fa, ina suke wasa?

Yaro ba ya zama wuri ɗaya. Wasa a gare shi kamar abinci ne. Da wasa jikinsa ke ƙarfi, da wasa bakinsa ke buɗewa. In ba mu zaɓa masa wurin wasa ba, shi zai zaɓa wa kansa. Abin da ya fi kusa da shi kuwa, shi zai zaɓa.

Wuraren da ba na wasa ba

Na fari, lambatun kamfani. A Chalawa da Sharaɗa da Bompai akwai majemu, inda ake jeme fatu da ƙiraga. Ana aikin da magunguna masu ƙarfi, cikinsu har da wani mai suna kuromiyam. Ruwan da aka gama aiki da shi yakan biyo lambatu. Na Sharaɗa yakan faɗa rafin Salanta ya tafi kogin Chalawa. Na Bompai yakan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Wani lokaci ruwan baƙi ne, wani lokaci shuɗi ko ja. Launin nan shi ke jan hankalin yaro, ya tsoma hannu, ya kai baki. Ruwan yana ɓata fata, yana kawo ciwon ciki, kuma sabulu ba ya mai da shi ruwan kirki.

Na biyu, kududdufi. Da damina yakan cika ya batse, ba a sanin zurfinsa, yaro ya shiga bai fito ba. Ban da wannan, a cikin ruwan da ke kwance akwai ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar takan huda fatar mai wanka ta shige. Bayan 'yan makonni sai a ga jini a fitsarin yaro. Wannan ba alamar girma ba ce, cuta ce, asibiti ake kai mai ita.

Na uku, bakin titi. Direban babbar mota yana can sama, ba ya ganin ɗan yaron da ya tsuguna a bayan taya.

Mu lura da wannan. Hani kaɗai ba ya isa. In mun hana yaro wuri, sai mu nuna masa wanda ya fi shi.

Gidan Zu

Mutanen Sharaɗa su suka fi kowa sa'a, don Gidan Zu maƙwabcinsu ne. An kafa shi zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, sunansa kuma gidan ya ci. Fili ne babba mai itatuwa da inuwa. Akwai zaki da kura da jimina da kada da birai iri iri. Ana biyan kuɗi a ƙofa, amma ba masu yawa ba.

Yaranmu sun sha jin labarin kura a tatsuniya. Ranar da suka gan ta ido da ido, ba za su manta ba, gani ya kori ji. A jikin keji akan rubuta sunan dabba. Mu tsaya mu karanta wa yara da ƙarfi, sa'an nan mu ce babbansu ya gwada. Kada mu bar yaro ya zura hannu cikin keji, kada ya jefi dabba, kada kuma ya miƙa wa biri abinci.

Mutane da yawa ba sa zuwa sai da salla. A ranakun nan cunkoso ya yi yawa, kuɗin mota ya hau, yara sukan ɓata. Mai ƙananan yara gara ya zaɓi wata Lahadi dabam, ya je da hantsi.

Gidan Ɗan Hausa

Mutanen Bompai su ma suna da nasu a kusa, a Nasarawa. Gida ne na ƙasa, ginin magina Hausawa, mai zanko da zane. A nan wani Bature ya zauna, Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa saboda jin harshenmu. Shi ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin 1909. Yanzu gidan ya zama wurin ajiye kayan tarihi da na al'ada. Yaron da ya tashi a ɗakin bulo da kwano, a nan zai ga yadda ake ɗaga soro da azara, ya kuma ji sanyin ɗakin ƙasa da rana tsaka.

Gidan Makama da Dala

Waɗannan suna cikin birni. Gidan Makama yana kusa da gidan Sarki. Asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan Kano ta dā.

Dala kuwa dutse ne, a nan Kano ta fara. An yi matakala har sama. In mun hau, sai mu nuna wa yara gari: ga Goron Dutse, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a, ga can wajen unguwarmu. Amma hawan ba na mai goyo ba ne, ba kuma na tsakar rana ba. A hau da safe ko da la'asar sakaliya, kowane yaro hannunsa cikin na babba.

Maganar kuɗi

Wani zai ce, albashi bai kai ƙarshen wata ba, ina zancen yawo? Gaskiya ne. Kamfanoni da yawa sun rufe, waɗanda suka rage ma ba kullum ake aiki ba. Amma abin da ke cinye kuɗin fita ba kuɗin ƙofa ba ne. Kuɗin mota ne da ciye-ciye. Ga dabara:

1. Mu sami asusu. Duk ranar da aka yi biya, mu jefa ɗan wani abu. Fita sau ɗaya a wata ta isa.

2. Mu zaɓi wuri mafi kusa. Mutumin Chalawa, da yake shi ya fi nisa, ya haɗa kai da maƙwabcinsa su ɗauki a-daidaita-sahu ɗaya, su yi ciniki na zuwa da dawowa.

3. Uwargida ta yi guzuri daga gida: ɗanwake, ko dafaffen dankali, ko gyaɗa, da ruwa mai tsabta a gora. A ɗauki tabarma.

4. Mu gaya wa yara tun a gida abin da za a saya da abin da ba za a saya ba. Wannan ya rage kuka a gaban mai alewa.

5. Mu rubuta sunan yaro da unguwarsa da lambar wayarmu a 'yar takarda, mu sa masa a aljihu. In ya ɓata, takardar za ta yi magana a madadinsa.

6. A tafi da mata da maza duka. Ita ma uwar yaran a tafi da ita, don ita ta fi kowa daɗewa a cikin gida.

In babu ko kwabo fa?

Ko a ranar babu, akwai abin yi. A kowace unguwa ba a rasa ɗan fili ko inuwar darbejiya. Magidanta biyar in sun haɗa kai, safiya ɗaya ta ishe su su share wuri, su kwashe kwalabe da ƙarafa, su ɗaura igiya da tsohuwar taya a reshe mai ƙarfi, lilo ya samu. Yara su yi langa da carafke da 'yar gala-gala. Dattijo ɗaya ya zauna kusa yana lura. A sanar da mai unguwa, don kada gobe wani ya mai da wurin juji.

Yaro ba ya tambayar nawa aka kashe. Abin da zai riƙe shi ne, ran nan Baba ya ɗora ni a wuya na ga jimina. Mu duba kalanda yau, mu sa rana. Allah ya raya mana su.

Tambayoyi

1. Don me ba a barin yaro ya taɓa ruwan lambatun kamfani?
2. Ta yaya ake kamuwa da tsargiya?
3. Wane wuri ne ya fi kusa da unguwarku?
4. Rubuta takardar da za ka sa a aljihun ɗanka.