Dihe: Sana'ar Matan Kanembu da Abincin Tsofaffi

A kasuwannin N'Djamena, a layin masu kayan miya, inda ake jera busasshiyar kuɓewa da barkono da bandar kifi, akwai wani kaya da baƙo daga Kano ko Maraɗi zai wuce bai san na ci ba ne. Gutsattsari ne busassu, kore mai duhu, ana auna su da koro, kwanon awon 'yan Chadi. Sunansa dihe. Masu sayar da shi galibi mata ne, masu sayensa kuma yawanci Kanembu ne da suka baro Mao ko Bol suka zauna a babban birni, ba su bar miyar gida ba.

Dihe wata irin gansakuka ce da ke tsirowa a ruwa mai kanwa. Masana suna kiranta sifirulina. A yankunan Kanem da Lac, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna a kwaruruka tsakanin tuddan yashi, ruwansu ya yi kanwa har yawancin tsirrai ba sa iya rayuwa a ciki. Ita kuwa nan ne gidanta. Idan iska ta kaɗo ta bakin gaɓa, sai ta taru a saman ruwa ta yi kauri.

Aikin na safe ne. Mata su shiga ruwa da kwanoni ko tukwane, su riƙa yaɗe koren da ke sama, su ɗauka a ka zuwa kan tudu. Can kowace ta share yashi da hannu ta yi ɗan rami mai faɗi marar zurfi, ta juye a hankali. Yashi ya shanye ruwan, abin da ya rage ya kwanta. Kafin ya bushe sosai sai a tsaga shi gida-gida, a bar rana ta ƙarasa. Mai kallo zai ce aikin ba wuya, amma sanin inda ya fi kauri, da kaurin da za a zuba don kada cikinsa ya ruɓe kafin ya bushe, da lokacin ɗagawa, duk sai an koya wajen iyaye.

Masu bincike daga Italiya da suka yi nazarin tafkin Kossorom, suka wallafa sakamako a shekarar 2000, sun ƙiyasta cewa wannan tafki kaɗai yana ba da kusan tan 40 na busasshen dihe a shekara. Sun kuma rubuta abin da ya fi jan hankalina: maza ba sa shiga ruwan, don an yi imani shigarsu tana kashe albarkar tafki, kuma wata dattijuwa ce ke jagorantar ɗiba, ita ce mai tsaron tafkin ko a lokacin da ba a aiki. Ke nan tun asali tsohuwa ce shugabar wannan sana'a. Da yawa daga masu ɗibar matan Haddad ne, zuriyar maƙera, waɗanda al'adar yankin ta daɗe tana ajiye su a baya. Kuɗin dihe na cikin 'yan abubuwan da mace irin wannan ke riƙewa a hannunta.

Daga bakin tafki dillalai suke kwasa, ya bi ta Masakori ya iso N'Djamena, wani ma ya tsallaka zuwa Kamaru da Najeriya. A gida ana jiƙa shi a ruwa, a murtsuke, a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye, sannan a dafa da albasa da barkono da mai, a sa kifi ko nama in akwai, a ci da tuwon gero. Yashin nan shi ne babban aibin kayan. Komai iyawar mai girki, sai haƙori ya ji shi.

A N'Djamena ne duniya ta farga da abin. Tun 1940 masanin tsirrai ɗan Faransa Pierre Dangeard ya yi bayanin dihe a rubuce, ba wanda ya kula. Sai a 1964 wani ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, sunan N'Djamena kafin 1973. Da aka auna, aka tarar fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne, sinadarin gina jiki, ga ƙarfe mai ƙara jini. Daga nan masana'antu suka tashi: a Meziko a shekarun 1970, sai Earthrise a Kalifoniya da Cyanotech a Hawai a shekarun 1980, yau kuma Sin ce kan gaba. Suna noma shi a manyan kwamaye, su matse shi ƙwaya-ƙwaya, su zuba a kwalba. Cikin manyan masu saye akwai dattawan Turai da Amurka da Japan masu neman tsufa da ƙarfinsu. Farashin kwalba guda a can ya ninka na koro sau da yawa, kuma ko sisi ba ya komawa Kanem.

An yi yunƙurin gyara. A 2007 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin Tarayyar Turai, ta fara aiki da ƙungiyoyin mata a Kanem da Lac. Dabarar ba mai tsada ba ce. Maimakon juyewa a yashi, a tace da ƙyalle mai laushi, a matse, a fitar da shi siri-siri kamar taliya, a shanya a kan raga nesa da ƙasa da ƙura, a niƙa, a ɗura a leda mai suna. A 2010 hukumar ta ba da rahoton cewa an samar da tan 10 na wannan ingantaccen dihe, mata 500 suka samu ribar sefa miliyan 50. Kayan ya shiga kantunan magani da shagunan N'Djamena.

A ganina kasuwar da ta fi dacewa da wannan kaya tana cikin gidajenmu. Chadi ƙasar yara ce. Waɗanda suka haura 65 kimanin biyu ne cikin ɗari, shi ya sa ba a cika tuna su ba idan ana tsara shirin abinci. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne, manomi da makiyayi da 'yar kasuwa ba su da shi. Amma duk gidan da ke da Kaka ko Baba tsoho ya san yadda abin yake. Haƙora sun zube, nama ya gagara tauna, sha'awar abinci ta ragu, sai kunu da shayi. A hankali damtse ya saki, tashi daga tabarma ya zama aiki, faɗuwa ɗaya ta kwantar da mutum. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki kullum, fiye da abin da ake ce wa matashi. Garin da za a barbaɗa a kunu ko a kaɗa a miya, ba tauna, ba ya buƙatar firji a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ya dace da wannan bukata. Ɗan da ke aiki a birni, mai aika wa Iya sukari da ganyen shayi duk wata, shi ne mai sayen da ya kamata 'yar kasuwa ta nema. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin ƙoshin lafiya, ga kuma kaya a ƙofar gida da ya shiga wannan magana kai tsaye.

Sai dai ina jin tsoron bakin 'yan talla. Mun san masu lasifika a tasha da ke cewa garinsu yana maganin ciwon suga da hawan jini da sanyin ƙashi lokaci guda. Idan dihe ya faɗa hannunsu, an kashe shi. Abinci ne, kuma iyakarsa sananniya ce: ƙaramin cokali guda bai wuce giram 2 ko 3 na furotin ba, don haka ƙari ne a kan wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi. Bitamin B12 da ake yawan tallata shi da shi, yawancinsa nau'in da jikin mutum ba ya amfana da shi ne. Wanda ba a ɗauraye da kyau ba yana ɗauke da gishirin tafki, abin lura ga mai hawan jini. Mai ciwon ƙoda kuma sai ya tambayi likita. Tsohon da aka ruɗa ya ajiye maganin asibiti saboda leda mai kore, an cuce shi, an kuma cuci matan da suka shiga ruwa tun asuba.

Akwai wata matsalar da ido ba ya gani. Tafki a buɗe yake, dabbobi suna zuwa, kuma wasu nau'o'in gansakuka masu guba ga hanta kan iya cakuɗuwa da mai kyau. Ƙyalle yana raba yashi, ba ya raba wannan. Gwaji ne kaɗai ke nunawa, kuma N'Djamena tana da cibiyar gwamnati ta CECOQDA mai binciken ingancin abinci. Mai son shiga sana'ar da gaske, nan ya kamata jarinsa na farko ya tafi: ya kai samfuri daga kowane kaya, ya buga ranar ɗiba da sunan tafki da sunan ƙungiyar matan a jikin leda, ya rubuta awon da za a ci da Larabci da Faransanci, ya yi ƙananan ƙulli da talaka zai iya saye.

Hanyar ba mai sauƙi ba ce. Rikicin Boko Haram ya taɓa yankin Lac tun 2015, ya raba mutane da garuruwansu, ya sa safara ta yi tsada. Ƙyallen tacewa da ragar shanya suna lalacewa, kuma idan shirin tallafi ya ƙare, mace takan koma ramin yashi saboda shi ba ya cin kuɗi. Abin da zai hana ta komawa shi ne ɗan kasuwa a N'Djamena da zai ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarta tun kafin kaka, ya biya tsaftataccen kaya farashin da ya fi na mai yashi a fili, ya biya a kan lokaci, ya kuma dawo baɗi.